Yadda ake jagorantar taron bita ba tare da ya kuɓuce maka ba

Wata ƙanwata a wajen aiki ce ta kira ni da daddare hankalinta a tashe, wai an ɗora mata jagorancin bita ta kwana biyu, mutum kusan talatin, wasu ma a cikinsu sun haife ta, ga shi kuma ba ta taɓa tsayawa gaban manya ta koyar ba. Mun jima muna magana, da muka gama na ce bari dai in zauna in rubuta abin nan dalla-dalla, don ba ita kaɗai ba ce, duk wanda ya shigo harkar horaswa sai ya sha wannan fargabar. Na daɗe ina wannan aiki kuma abin da na gano shi ne, yawancin matsalar ɗakin bita daga wajenmu masu horarwa take tasowa, mun cika surutu, mu cika ɗaki da muryarmu su kuma mutanen da aka tara dominsu suna zaune suna kallonmu. In ka riƙe cewa aikinka shi ne ka sa su su yi magana su yi aiki da hannunsu, to sauran duk dabaru ne da za ka koya a hankali. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙi amma har da ke nake.

Kayan da za ka tanada

Manyan takardun rubutu irin waɗanda ake liƙawa a bango, aƙalla ashirin na yini ɗaya. Maka, wato alƙalamin rubutu a manyan takardu, mai kaurin baki, baƙa da shuɗiya su ne na rubutu, ja da kore na ja layi ne kawai don wanda ke zaune a baya ba ya iya karanta su sosai, kuma ka gwada kowace ɗaya tun a gida saboda bushewa suke yi ba ka sani ba. Salatif na takarda wanda ba ya ɓantare fenti, almakashi, ƙananan katuna ko takardu masu mannewa, biro fiye da yawan mutane, takardar rajista, da agogo wanda za ka gani ba sai ka ciro waya ba. In za ka yi amfani da majigi to ka zo da kwamfutarka da cajarta da igiyar haɗawa kala biyu da doguwar igiyar wuta mai ramuka, sannan ka buga abin da za ka haska a takarda ko da kwafi ɗaya ne. In mutane sun haura arba'in ka nemi makirfo da lasifika.

In ba manyan takardu, allo da alli sun wadatar, ko ka haɗa farar takarda huɗu da salatif. In ba takardu masu mannewa ka yanka farar takarda gida huɗu, aiki ɗaya suke yi. Abin da ba shi da madadi shi ne jadawalinka a rubuce, minti kaza abu kaza, a takarda ɗaya da za ta zauna a gabanka.

1. Ka san su waye za su zo kafin ka shirya komai

Kuskuren farko shi ne mutum ya buɗe PowerPoint ya fara tara shafuka bai san wa zai koyar ba. Ka kira wanda ya gayyace ka ka tambaye shi, su nawa ne, wane aiki suke yi, sun taɓa yin irin wannan bitar, da kansu suka nemi zuwa ko turo su aka yi, akwai shugaba da na ƙasa da shi a ɗaki ɗaya, akwai wanda karatu ko gani ko ji ke ba shi wahala. Sannan ka rubuta jimla ɗaya tak, "in an tashi kowa zai iya yin kaza". Iya yi fa na ce, ba sani ba. In jimlar ta ƙi rubutuwa to kai ma ba ka gama gane abin da ake so ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Malcolm Knowles, wani malami a Amurka da ya shahara kan ilimin manya tun wajen 1970, ya nuna cewa babba ba ya koyo irin na yaro, yana zuwa ne da gogewarsa, yana so ya san dalilin da ya sa zai koyi abu, kuma abin da zai warware masa matsalar da ke gabansa yake nema. Wannan kaɗai ya ishe ka daga ɓangaren nazari. In ka gama tsara darasinka ka koma ka zubar da kashi ɗaya cikin uku, na san da ciwo amma lokaci ba ya taɓa isa, kuma gara su tafi da abu uku da suka iya da su tafi da goma da suka ji kawai.

2. Ka riga kowa isa ɗakin

Awa ɗaya kafin lokaci. Ka gwada majigi, ka je kujerar ƙarshe ka zauna ka ga ko rubutunka na karantuwa, ka duba iska da haske. Kujerun da aka jera layi-layi kamar aji suna sa manya su koma ɗalibai masu jiran malam, don haka ka mayar da su zagaye mai buɗaɗɗen baki in ba su wuce ashirin ba, in sun wuce ka yi tebur-tebur na mutum biyar ko shida. In kujerun a kafe suke ba sa motsi, ba komai, ka sa na layin gaba su juyo su fuskanci na bayansu lokacin aikin rukuni, ko ka liƙa takardu a kusurwoyin ɗaki mutane su yi aiki a tsaye.

Akwai ranar da wuta ta ɗauke min minti goma da farawa kuma ba ta dawo ba sai yamma, duk shirina yana cikin kwamfuta. Takardar nan da na buga ita ta cece ni, na koma rubutu a bango ina tambayarsu suna ba ni amsa, kuma gaskiya zaman ranar ya fi na washegari armashi da wutar ta dawo. Tun daga lokacin nake shirya kowace bita kamar ba za a samu majigi ba.

3. Minti ashirin na farko

Ka fara a kan lokaci ko da rabin mutane ne suka zo, in ka jira masu latti yau to gobe kowa zai yi latti, sai dai ka fara da abin da wanda ya rasa shi bai yi babbar asara ba. Wajen gabatar da kai kada ka bar shi a buɗe, don mutum ɗaya zai iya cinye minti bakwai yana ba da tarihinsa. Ka ce suna, aiki, da abu ɗaya da kake so ka tafi da shi, kuma kai ka fara don su ga tsawon da ake so. Ka rubuta abin da suka ce suna so a bango, wanda bitar ba za ta taɓo ba ka faɗa musu gaskiya tun yanzu.

Sai dokokin zama, kuma su za su kawo su ba kai ba, waya a yi mata shiru, mutum ɗaya ke magana a lokaci ɗaya, abin da aka faɗa a ɗaki na sirri ya tsaya a ɗaki. Dokar da suka kafa da bakinsu ita za ka nuna da yatsa anjima in an karya, ba sai ka yi faɗa ba. Ka kuma liƙa wata takarda a gefe ka rubuta mata "sai anjima", nan za ka riƙa ajiye tambayoyin da suka fita daga layi.

4. In ka yi tambaya ɗaki ya yi tsit

Wannan shi ya fi tsorata sabon mai horarwa. Ka jefa tambaya, ba wanda ya motsa, zuciyarka na bugawa, sai ka yi sauri ka amsa da kanka, shi ke nan ka koya musu cewa in sun yi shiru za ka yi musu aikin. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta auna wannan abin a azuzuwa ta fitar da sakamako a 1972, ta ga malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira bayan tambaya, amma in suka jira daƙiƙa uku ko fiye sai amsoshi su ƙara tsawo kuma masu amsawa su ƙaru. Ni da manya nakan ƙirga har goma a zuciyata, fuskata a sake, ina kallon ɗakin. Kusan kullum kafin in kai takwas wani ya yi magana.

In shirun ya ci gaba to ka duba tambayar taka. "Kun gane?" da "akwai tambaya?" ba sa haifar da komai sai gyaɗa kai. Ka tambayi abin da suka gani da idonsu, misali "yaushe ne rabon da irin wannan ya faru a wajen aikinku, me kuka yi?" Dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce wadda Frank Lyman, wani malami a Amurka, ya fito da ita a 1981, kowa ya yi tunani shi kaɗai minti ɗaya, sannan ya juya ya tattauna da na kusa da shi minti biyu, sannan a buɗe wa ɗaki. Wanda ya riga ya faɗi magana ga mutum ɗaya ba ya jin nauyin maimaita ta gaban talatin. Kada ka kira sunan mai kunya ba zato don ka "fito da shi", kunyata shi kawai za ka yi ya ƙara shigewa ciki.

Na tuna wata baiwar Allah da ta yi yini guda da rabi ba ta ce uffan ba, tana can ƙarshen tebur da littafinta a rufe, na ɗauka ma ba ta tare da mu. Da na raba katuna na ce kowa ya rubuta babbar matsalarsa ba suna, katin da duk ɗakin ya zaɓa a tattauna a kai nata ne, sai a hutu ta zo ta faɗa min a hankali. Shiru ba rashin sani ba ne, wani hanyar magana kawai bai samu ba.

5. Mai cinye magana, mai gardama, da oga a ɗaki

Kowace bita tana da wanda hannunsa ke sama kafin ka rufe baki. Yawanci ba mugun nufi gare shi ba, ya san abin ne ko kuma yana so a san ya sani. Kada ka gwale shi gaban mutane, in ka yi haka duk ɗakin zai tsorata da kai. Ka jira ya ja numfashi ka shiga, "na gode ranka ya daɗe, wannan batu ne mai kyau, bari mu ji daga wannan teburin da ba mu ji su ba tukuna." Ka daina kallonsa lokacin da kake tambaya, don ido gayyata ne. In abin ya ƙi, ka same shi a hutu kai da shi ka ce ka lura yana da gogewa kuma kana neman taimakonsa wajen jawo sauran su yi magana, ko ka ba shi aikin rubutu a bango, mai rubutu ba ya samun sararin dogon jawabi.

Mai gardama daban ne. Shi ne mai naɗe hannu a ƙirji ya ce "wannan duk a takarda ne, ba zai yi aiki a wajenmu ba." Jikinka zai so ka kare kanka, kada ka yi. Ruwa ba ya tsami banza, ka tambaye shi me ya gani da ya sa ya faɗi haka, kuma ka saurara da gaske. Na taɓa samun wani dattijo haka, ashe sun gwada tsarin da nake koyarwa shekarun baya ya rushe saboda ba a ba su kayan aiki ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu. Da ya faɗa na rubuta a bango na tambayi ɗakin ko akwai wanda ya ci karo da haka, hannu biyar suka tashi, muka yi rabin awa kan yadda za a yi in kayan ba su cika ba, kuma wannan rabin awar ta fi duk abin da na shirya amfani. In kuma ka ga gardamar ta neman rigima ce kawai, ka ce kun ji ra'ayinsa, ka sa a takardar "sai anjima" ka wuce.

Wanda ya fi wuya shi ne in shugaba na zaune da ma'aikatansa. Ba wanda zai faɗi matsalar ofis gaban mai sa masa hannu a takardar ƙarin girma, duk abin da oga ya ce kai za a gyaɗa. Ka yi magana da shi tun kafin a fara, cikin girmamawa, ka roƙe shi ya zama na ƙarshen ba da ra'ayi. Wajen raba rukuni ka haɗa shugabanni a tebur ɗaya, sannan ka yawaita amfani da katunan da ba suna.

6. Aikin rukuni

Nan ne ake koyon gaske, gani ya kori ji, amma nan ne kuma lokaci ke zubewa in ba a tsara ba. Mutum huɗu zuwa shida ya isa. Wani injiniya Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 cewa in mutane na jan igiya tare, ƙarfin da kowa ke sawa raguwa yake yi yayin da yawansu ke ƙaruwa, kuma haka za ka gani a teburin mutum goma, biyu na aiki takwas na danna waya. Kada ka ce "ku raba kanku", abokai za su dunƙule a bar wasu tsaye, ka sa su ƙirga ɗaya zuwa biyar masu lamba ɗaya su haɗu.

Ka ba da umarni kafin su tashi daga kujera, don da zarar an fara jan kujeru ba mai jin ka, kuma ka rubuta shi a bango, me za a yi, minti nawa, me za a kawo. Ka sa wani ya maimaita da bakinsa. Kowane rukuni ya fitar da mai rubutu da mai duba lokaci da mai gabatarwa. Bayan minti biyu ka zagaya, a nan za ka kama waɗanda suka fahimci aikin a baibai, amma kada ka zauna ka yi musu. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a bar rukuni shida kowanne ya karanto duk abin da ya rubuta, kafin a kai na huɗu ɗaki ya mutu. Ka ce kowane rukuni abu biyu kawai wanda ba a riga an faɗa ba, ko a liƙa takardun a bango kowa ya zagaya ya karanta.

7. In rikici ya tashi tsakaninsu

Kada ka firgita. Bruce Tuckman, wani mai bincike a Amurka, ya bayyana tun 1965 cewa rukuni kan fara da ɗari-ɗari, sannan a yi ta-da-jijiyar-wuya, sannan a daidaita, sannan aiki ya kankama, don haka saɓani a rana ta biyu ba alamar ka gaza ba ce. Muddin kan batu ake musu ka bar shi ya ɗan yi tafiya, ka taƙaita abin da kowane ɓangare ke cewa ba tare da ka goyi bayan kowa ba. Da zarar ya koma kan mutum, gori ko cin fuska, ka tsayar nan take, ka nuna dokar da suka kafa, in ya yi zafi ka ba da hutun minti goma ka gana da su a gefe.

8. Lokaci da gajiya

Kada ka wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin kana magana kai kaɗai ba tare da sun yi wani abu ba, kuma kada zama ya wuce awa ɗaya da rabi ba hutu. In za ka ba da hutu ka faɗi ƙarfe nawa za a dawo ka rubuta, "minti goma sha biyar" kowa da yadda yake lissafa nasa. Zaman da ke biyo bayan hutun rana shi ne na gyangyaɗi, kada ka sa lacca a nan, ka sa aikin da za a tashi tsaye. In ka ga wayoyi sun fara fitowa da yawa to saƙo ne gare ka, ka canja salo maimakon ka yi ƙorafi. In lokaci ya ƙure kada ka ƙara gudu kana tsallake shafuka, ka yanke wani sashe gaba ɗaya, shi ya sa tun a gida nake sa alama a jadawali kan abin da zan iya zubarwa. Kuma ka tashe su a kan lokaci, mutane na da uzurori.

9. Tambayar da ba ka san amsarta ba, da bambancin sani

Ka ce ba ka sani ba, za ka bincika ka kawo gobe, sannan ka kawo ɗin. Ko ka mayar wa ɗaki, sau da yawa akwai wanda ya sani. Ƙirƙirar amsa ita ce hanya mafi sauri ta zubar da mutuncinka, don a cikin manya talatin da wuya a rasa wanda zai gane. In kuma wasu sun yi nisa wasu yanzu suke farawa, ka haɗa gwani da sabon shiga bibbiyu, ka tanadi ƙarin aiki mai ɗan wuya ga waɗanda ke saurin gamawa. In akwai wanda rubutu ke ba shi wahala kada ka bari a gane shi, ka karanta duk umarni da baki, ka bari a amsa da magana ko da zane.

10. Rufewa da abin da ke biyo baya

Ka ware minti talatin na ƙarshe kada komai ya ci su. Ka koma takardar abubuwan da suka ce suna so da safe ku duba tare, ka koma takardar "sai anjima" ka amsa abin da zai amsu, sauran ka faɗi yadda za a yi da su, in ka manta da ita ba za su ƙara yarda a ajiye musu tambaya ba. Sannan kowa ya rubuta abu ɗaya da zai yi cikin mako mai zuwa ya faɗa wa na kusa da shi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus a Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, don haka ka tura musu taƙaitaccen bayani da hotunan takardun bango cikin kwana biyu, ta WhatsApp ko imel.

Takardar jin ra'ayi ta zama gajeriya kuma ba suna, me ya amfane ka, me za a gyara, me ya rage ba ka gane ba. Amma ka sani jin daɗin bita shi ne matakin farko kawai cikin matakai huɗu na auna nasarar horaswa da Donald Kirkpatrick, wani malami a Amurka, ya tsara a 1959, saura ko sun koya, ko sun canja yadda suke aiki, da ko canjin ya haifar da sakamako. Don haka bayan wata ɗaya ka kira mutum huɗu ko biyar daga cikinsu ka tambaye su abin nan da suka rubuta za su yi, sun yi ko ba su yi ba, in ba su yi ba me ya hana, ka rubuta amsoshin a bayan jadawalinka ka ajiye, da su za ka fara shirin bita ta gaba.